Man Inji a Kan Wasiƙar Mutuniyar

Shekara arba'in da ɗaya Mai Guga ya yi yana wanki, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda akwai dattin da ya fi ƙarfin ruwa da sabulu da haƙuri ba. In ka kawo masa riga ka ce ta gama yawo, sai ya ɗaga ta sama, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Wa ya ce maka? Dawo jibi." In jibin ta yi ka dawo, kai da kanka sai ka nemi inda tabon yake ka rasa.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Teburin guga a tsakiya, injin wanki a lungu wanda ya girmi rabin masu kawo masa kaya, igiyoyin shanya uku ta baya, sai fanka mai ƙara da ba ta yin shiru sai an ɗiga mata mai. Kujera kam babu. Wanda ya zo karɓar kaya ya tsaya, shi ma mai shagon a tsaye yake yini. In yamma ta yi ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya ƙi shiga, sai ya ce silifan yanzu ne ba su da kirki.

Teburin yana da aljihu biyu. Na sama na maɓallai ne da allura da alli. Na ƙasa kuwa nan yake ajiye gwangwanin man inji, da sukudireba, da tsummokara masu maiƙo, kuma a can ƙarshensa, inda hannu ba ya kaiwa sai an sunkuya, akwai wani farin ambulan. Dabararsa ce, yana kuma ji da ita. Ya san a cikin 'ya'yansa babu mai son ɓata hannu da mai, don haka babu wanda zai buɗe aljihun nan har abada.

Wasiƙa ce a ciki, ta matarsa. Bai taɓa kiran sunanta ba tun da suka yi aure, sai dai ya ce Mutuniyar, ita kuma ta ce Mai Guga, har mutanen titin suka ɗauka suka manta da sunansa na gaskiya. Sai da ta haura hamsin ta koyi rubutu, a hannun autarsu, lokacin da yarinyar take zuwa hutu daga kwaleji. Abu na farko da ta rubuta ita kaɗai shi ta ba shi. Shekara huɗu bayan haka ta rasu. Yau shekara uku ke nan, kuma akwai abin da bai gaya wa kowa ba: muryarta ta fara kuɓuce masa. In ya rufe ido yana son ya ji ta, sai muryar ta zo a dishe, wani lokaci ma muryar Auta ce take zuwa a madadinta. Rubutun ne kawai bai canza ba. In ya ga yadda take jan jelar harafi kamar ba za ta sake shi ba, sai ya gan ta zaune, harshe a gefen baki, tana fama.

Ranar Asabar da hantsi fanka ta fara kukanta. Ya sunkuya ya jawo aljihun ƙasa, sai warin mai ya doke shi. Gwangwanin yana kwance ta gefe, murfin a kwance daban. Shi ne bai ɗaure shi ba ranar Laraba, ya sani, babu wanda zai ɗora wa laifi. Man ya bi katakon ya gangara can ƙarshe.

Ambulan ɗin ya jiƙe sharkaf. Da ya zaro takardar, sai ya ga ta koma ruwan ƙasa, har yatsunsa yake gani ta cikinta. Rubutun da dama shuɗi ne mai haske, yanzu ya nutse cikin maiƙon, sai ka ƙura ido za ka ga alamar layuka. Ya tsaya riƙe da ita.

Hannuwansa ba su jira shi ba. Abin da suka saba yi shekara arba'in shi suka yi: suka jawo ƙaramar roba, suka tara ruwa, suka ɗauko sabulu, suka tsoma soso mai laushi suka matse. Ya shimfiɗa takardar a kan teburi, ya ɗaga soson.

"Salamu alaikum. Baba, yau ma fankar nan ta fi ka magana."

Auta ce, da leda a hannu. Malama ce yanzu, tana koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata. Kowace Asabar sai ta kawo masa farar rigar da take sawa a ɗakin gwaji ya goge mata. Tana da dutsen guga a gidanta, ya sani, ita ma ta san ya sani, amma babu wanda ya taɓa tada maganar.

Ya yi wuf ya tare teburin da jikinsa. Mutum mai shekara sittin da bakwai yana ɓoye takarda kamar yaron da aka kama da hannu a gwangwanin sukari, ai dole a gane.

"Me kake ɓoyewa?"

"Ba komai. Aiki ne."

"Aikin wa ake yi da soso a kan takarda?"

Ya ƙara tare teburin. Ta ajiye ledar ta zagayo, ta leƙa ta ƙarƙashin hannunsa. Da ta ga layukan nan masu gangarowa ƙasa ta dama, ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ita ta riƙa gyara wa mai hannun nan zama a kan layi wata shida, ba ta yi nasara ba.

"Rubutun Mama ne," ta ce a hankali. "Baba, dama akwai wannan?"

"Akwai."

"Shekara nawa?"

"Bakwai." Kunya ta sa ya ɗaure fuska. "Ba na son surutu. Mai ne ya zuba, zan goge shi yanzu. Matsa."

Ba ta matsa ba. Ta kama wuyan hannunsa mai soson, ta riƙe da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"Don Allah ajiye soson nan tukuna."

"Ke za ki koya mini wanki? Da kuɗin wankin nan aka saya miki littattafan da kike taƙama da su."

"Na sani, Baba. To bari yau ka ci ribarsu. Ajiye."

Ya ajiye, yana gunaguni. Ta ɗauko murfin wata kwalba ta ɗebi ruwa daga robar, ta ɗiga man injin a ciki. Man ya taru ya yi ido ɗaya a sama. Ta juya da tsinke, ya watse, ya sake haɗuwa.

"Wannan tun ba a haife ki ba na san shi," in ji Mai Guga.

"Ka san yana faruwa. Dalilin nake so ka ji, don da shi za mu ceci takardar nan. Ruwan nan da kake gani ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya iya gani. Kowace ƙwaya tana da gefe biyu, kamar batirin rediyonka, gefe ɗaya na ƙari, ɗaya na ragi. Gefen wannan yana jan gefen waccan, sai su riƙe juna gam. Duk abin da zai narke a cikinsu, sai in shi ma yana da irin gefen nan da za su kama shi da shi. Gishiri yana da shi. Sukari yana da shi. Mai ba shi da shi, duk jikinsa ɗaya ne. Ruwa ba zai saki hannun ɗan'uwansa don ya kama wanda ba shi da hannu ba."

Ya shafa gemunsa. "Wato son dangi."

"Son dangi, Baba. Shi ma man da nasa dangin. Ina ruwan nan da kake cire maiƙo da shi a jikin kwat?"

Ya nuna kan kanta. Kwalba ce mai ruwa fari tas, mai warin fetur, wadda yake ɗaukowa in an kawo masa tufafin da ba sa son ruwa. Ta sauko da ita, ta zuba kaɗan a wani murfin, ta ɗiga man. Kafin ta juya ma ya ɓace a ciki.

"Ka gani? Wannan ba shi da gefe, man ba shi da gefe, sun gane juna."

"Sabulu fa? Ai yana cire maiƙo, kada ki ce mini ba ya cirewa."

"Yana cirewa. Ɗan tsakani ne, kansa na ruwa ne, jelarsa ta mai. Amma ba ya aiki sai da ruwa, ruwan kuma shi nake tsoro."

"To sifirit. Ga shi can, da shi nake cire biro a aljihun rigunan ma'aikata."

"Ka ji da bakinka. Sifirit ƙafa ɗaya a gidan ruwa, ƙafa ɗaya a gidan mai. Zai taɓa man, ya kwashe tawadar. Wannan ko kusa da teburin nan kada ya zo."

Mai Guga ya kalli kwalaben nan da ya yi shekaru yana aiki da su, ya ji kamar yau aka gabatar masa da su. A ransa ya yarda yarinyar ta san abin da take yi, amma bai ga dalilin da zai sa ya faɗa ba.

"To Malama, a zuba na kwat ɗin a huta."

"Saura abu ɗaya." Muryarta ta sauka. "Man mun san danginsa. Tawadar ce ba mu sani ba. In irin wadda ake zuƙa a alƙalami ce, dangin ruwa ce, ruwan kwat ba zai kula ta ba. In ta biro ce, akwai maiƙo a cikinta, wata tana jurewa, wata tana zuba. Zai iya tafiya da man ya tafi da rubutun."

"Ai ke kika koya mata. Da me ta rubuta?"

Auta ta rufe ido. A lokacin tana da biro, tana kuma da alƙalamin tawada da aka ba ta kyauta a kwaleji, duk biyun a jaka ɗaya suke, Mama kuma wanda hannunta ya faɗa a kai shi take ɗauka. Ta ɗaga takardar ta duba ta kowane gefe, maiƙon ya hana a gane komai.

"Ban tuna ba, Baba."

Ya jingina da teburin. Ga magani a kwalba, ga takarda a teburi, babu mai iya cewa in sun haɗu me zai rage. In kuma aka bar ta haka, man zai ci gaba da duhu, wata rana ya duba ya ga takarda ce kawai mai wari.

"Ruwa ya taɓa taɓa ta?" Auta ta tambaya. "Ko ɗigo ɗaya? Ko damina, ko zufa?"

Ya ji haushin tambayar. "Ni? Shekara bakwai ko iska ban bari ta kaɗa ta ba. In zan buɗe ta sai na goge hannuna sau biyu. Ke kin ɗauka..."

Sai ya tsaya.

Ranar ta dawo masa gaba ɗaya. La'asar ce, yana goge wani wando. Mutuniyar ta shigo daga baya, ta gama taya shi ɗauraye zannuwan gado, ta goge hannu a zaninta sama-sama, ta zaro takardar daga ƙarƙashin tulin kayan da ta ɓoye ta, ta miƙa masa tana kallon wani wuri. Babban yatsanta da sauran danshi. Da ya karɓa, sai suka ga harafin ƙarshe ya bazu. Ta ji haushi ƙwarai, ta ce ya ba ta ta sake wata, wannan ta ɓaci. Ya ɗaga takardar sama inda hannunta ba zai kai ba, ya ce wadda aka ba shi ita ce tasa. Har da yi masa tsaki, ta fita tana cewa dama shi bai san abu mai kyau ba.

"Akwai," ya ce. "Ba ni na yi ba. Ita ce."

Ya karɓi takardar ya kai bakin taga, ya nuna da ɗan yatsa can ƙasa ta dama. Da haske ya ratsa, sai ga shi, wani ɗan gajimare shuɗi girman babban yatsa, ya cinye rabin harafi.

"Hannunta ne da danshi," ya ce. "Tun ranar farko yake nan."

Auta ta daɗe tana kallo. Sai ta sauke numfashi.

"Biro ba ya bazuwa haka don danshin hannu. Tawadar alƙalami ce, dangin ruwa. Mama ta yi mana gwajin da kanta tun shekara bakwai."

Mai Guga ya juya ya kalli soson da ke kwance a gefen robar, har yanzu yana ɗiga. Da yarinyar ta makara da minti ɗaya, da ya shafe rubutun da hannunsa, a hankali, da gwaninta, yana ganin gyara yake yi. Ya ɗauki robar da soson ya kai su can baya ya ajiye, ya dawo ya goge hannuwansa har sau uku.

"Kin tabbata ruwan kwat ba zai taɓa ta ba?"

"A ilimi na tabbata. Amma ko ɗalibaina ba na bari su yarda da ni sai sun gwada. Ka ga can sama, inda ta yi ɗan zane tana gwada alƙalamin? Da shi za mu fara."

Ta miƙa masa auduga. Ya ƙi karɓa.

"Ke yi. Ke kika san abin."

"Ni dalili na sani, Baba. Hannun naka ne. In na yi zan huda ta."

Gaskiya ta faɗa, tun tana ƙarama ba ta iya goge tabo ba sai ta dirje. Ya cire wayar dutsen guga daga bango, ya tura taga har ƙarshe, ya buɗe ƙofar baya don iska ta ratsa, domin ruwan nan ba ya shiri da zafi. Ya ninke farin tsumma mai tsabta ya shimfiɗa. Ya naɗe 'yar auduga a kan tsinke, ya tsoma, ya yi bismillah, ya taɓa ɗan zanen nan na sama. Ya ƙirga har goma. Ya ɗaga audugar suka duba tare. Ta yi ruwan ƙasa da maiƙo, babu ko ɗigon shuɗi.

"To," ya ce.

Ya kife takardar a kan tsumman, rubutun yana kallon ƙasa, don man ya fita ta inda ya fi sauƙi, don kuma kada Auta ta karanta abin da ba nata ba. Ya riƙa dannawa ta baya, daga gefe zuwa tsakiya, ba gogawa, ba gaggawa. In tsumman ya sha mai sai ya ce, "Canza," ta zare ta sa wani. Wani mutum ya zo karɓar kaya ya yi sallama sau biyu, Mai Guga ko ɗaga kai bai yi ba ya ce masa ya dawo jibi, ko da yake kayan suna nan a goge tun jiya. Tsumma na farko ya fito kamar an share inji da shi. Na huɗu ya yi rawaya-rawaya. Na bakwai ya fito fari.

Suka bar ta ta sha iska. Fanka tana ta kukanta, babu wanda ya tuna da ita. A hankali takardar ta daina nuna abin da ke bayanta, ta fara komawa takarda. Ba ta dawo fara sol ba, akwai ɗan zobe mai duhu a gefe wanda ya san ba zai fita ba, kuma karo na farko a rayuwarsa ya ga tabo ya ƙyale shi.

Ya juya ta. Layuka biyar, shuɗi, duk suna gangarowa ta dama, jelar kowane harafi a ja. Ga gajimaren yatsan nan a ƙasa, bai ragu ba.

Auta ta juya baya tana kallon titi. Ya kalle ta, ya kalli takardar.

"Zo ki karanta," ya ce. "Ai ɗalibarki ce. Ki ga ko ta ci."

Ta matso, ta sa hannuwanta a baya don kada ta taɓa, ta karanta a hankali:

"Mai Guga. Ni ce na rubuta wannan da hannuna ba Auta ba. Ka sayi kujera ka daina guga a tsaye ƙafarka tana kumbura. Ba ka jin magana shi ya sa na rubuta. Na ji daɗin zama da kai. Mutuniyarka."

Ya san kalmomin nan kamar sunansa, amma bai taɓa jin su a bakin mutum ba. Da yarinyar ta zo kan "ba ka jin magana", sai ta ja shi yadda uwarta take ja, ba ta ma san ta yi ba. Muryar da ya yi wata da watanni yana nema ta faɗo masa a kunne, cikakkiya, da tsakinta da komai. Ya sunkuya a kan takardar, idanunsa suka cika.

Auta ta yi sauri ta sa tafin hannu a goshinsa ta tura shi baya, ɗaya hannun ya janye tsumman da takardar gefe.

"Baba, matsa baya. Hawaye ma ruwa ne."

Dariya ta kuɓuce masa tare da kukan, ya rasa wanda zai fara yi. Ya ja da baya yana laluben wurin zama, babu, sai ya kife bokitin wanki ya zauna a kai, ya juya wa teburin baya ya yi kukansa son ransa. Ita ma tana nata a tsaye, ta kau da fuska daga takardar, tana share ido da farar rigar da ta kawo a goge mata.

Da ya natsu ya fyace hanci, ya kalli ƙafafunsa da suka cika silifas, tun azahar ba ta yi ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kafintan nan na bayan layi, yana buɗewa ranar Asabar?"

"Yana buɗewa."

"To nemo mini ambulan mai kyau ki sa ta a ciki, ki ɗora can saman kanta, nesa da gwangwanin nan. Sai ki zo ki raka ni." Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. "Mai tsayi za a yi, wadda za ta kai teburin."